Josephus: Kwamandan Yahudawa da ya koma hannun Rumawa

Kusan duk abin da duniya ta sani game da yaƙin da Yahudawa suka gwabza da Daular Rumawa daga shekara ta 66 zuwa ta 70 miladiyya, wanda ya ƙare da rushe Birnin Ƙudus, ya fito ne daga alƙalamin mutum guda, wato Flavius Josephus.

Ya shiga yaƙin ne a matsayin kwamandan dakarun Yahudawa a lardin Galili, amma ƙarshensa ya same shi a sansanin Rumawa yana yi musu tafinta, yana kuma kiran 'yan uwansa da su ajiye makamai.

Wannan ne ya sa har yau ake sa-in-sa a kansa. Wasu na yi masa kallon maci amana, wasu kuma na ganin mutum ne da ya hango ƙarshen al'amari tun da wuri. Sai dai masu yabo da masu zargi duka suna komawa ga bayanin da ya bari kan yadda saɓanin addini da na siyasa ya cinye shirin yaƙin al'ummarsa tun kafin abokan gaba su iso ƙofar gari.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a Birnin Ƙudus a shekara ta 37, shekarar da Caligula ya hau gadon sarautar Rum. Sunansa na yanka Yusuf, mahaifinsa kuma Mattiya, ɗaya daga cikin limaman Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa na wancan zamani, wanda ke kan tudun da harabar Masallacin Al-Aƙsa take a yau.

Limancin Haikali gadon gida ne, an kasa gidajen da ke riƙe da shi kashi 24, gidan su Josephus kuwa yana cikin kashin farko. Ya kuma ce yana da jinin sarautar Hasmoniyawa, zuriyar da ta ƙwato wa Yahudawa mulkin kai daga hannun sarakunan Girkawa na Siriya.

Shi ma wancan mulkin rikicin cikin gida ne ya kawo ƙarshensa. A shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu 'yan uwa biyu da ke takaddama kan gadon sarauta, Hirkanus da Aristobulus, suka kai ƙara gaban janar ɗin Rumawa, Pompey. Daga zuwa rabon gardama sai Pompey ya shiga birnin da sojojinsa, ƙasar ta koma ƙarƙashin ikon Rum.

Josephus ba mutum ba ne mai rage wa kansa daraja. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta, ya ce yana ɗan shekara 14 manyan limamai ke zuwa wurinsa neman fatawa. Da ya kai shekara 16 sai ya shiga nazarin mazhabobi uku da Yahudawa suka rabu a kansu.

Akwai Farisiyawa, waɗanda suka yarda da tashin matattu, suke kuma riƙo da hukunce-hukuncen da aka gada baki da baki daga magabata, su ne talakawa suka fi saurara. Akwai Sadukiyawa, galibinsu masu hannu da shuni da manyan gari, waɗanda suka tsaya kan rubutacciyar Attaura kaɗai, suka musanta tashin matattu. Sai kuma Issiniyawa, masu gudun duniya, waɗanda suka haɗa dukiyarsu wuri guda.

Bayan waɗannan akwai wani ra'ayi na huɗu da ya ɓulla a shekara ta 6, lokacin da Rumawa suka yi ƙidayar jama'a domin ɗora haraji. Wani mutum mai suna Yahuza na Galili ya tashi yana wa'azin cewa ba shugaban da ya halatta a miƙa wa wuya sai Allah, saboda haka biyan haraji ga Kaisar bauta ce. An murƙushe boren nasa, amma ra'ayin bai mutu ba.

Josephus ya ce ya yi shekara uku a jeji tare da wani mai zuhudu da ake kira Bannus, sannan ya koma gari yana ɗan shekara 19, ya bi sahun Farisiyawa a harkokin jama'a.

Yana da shekara 26 ya tafi birnin Rum domin neman a saki wasu limamai da aka aika can a ɗaure. Jirgin ruwan da ya shiga ya nutse a tekun Adriyatik da mutane kimanin 600, yana cikin kimanin 80 da wani jirgi ya tsamo da asuba. Ta hannun wani Bayahude ɗan wasan kwaikwayo ya samu ganin Poppaea, matar Sarki Nero, ta kuma sa aka saki limaman.

Ya dawo gida ya ga girman Rum da idonsa, ya tarar ƙasarsa na tafasa.

Ɓarkewar bore

A shekara ta 66 gwamnan Rumawa a Yahudiya, Gessius Florus, ya kwashi talanti 17 daga baitulmalin Haikali. Da jama'a suka yi zanga-zanga sai ya saki sojoji a kansu, aka kashe mutane da dama.

Matakin da ya mayar da tarzomar yaƙi kuwa na ibada ne. Shugaban masu gadin Haikali, Ele'azar ɗan Hananiya, ya shawo kan limamai suka daina karɓar hadaya daga duk wanda ba Bayahude ba, ciki har da wadda ake yankawa kullum domin Kaisar. Manyan limamai da shugabannin Farisiyawa sun kawo masana suka ba da hujjar cewa magabata sun kasance suna karɓar irin wannan hadaya, amma ba wanda ya saurare su.

Daga nan gari ya rabu biyu. Masu son sulhu, tare da dakarun doki da Sarki Agrippa na Biyu ya aiko musu, suka riƙe unguwar tudu, 'yan tawaye kuma suka riƙe Haikali. Bayan mako guda ana fafatawa 'yan tawayen suka yi galaba, suka cinna wa gidan babban limami wuta, suka kuma ƙona ma'ajiyar takardun bashi domin jawo hankalin matalauta.

Su kansu 'yan tawayen ba su daɗe da haɗin kai ba. Menahem, daga zuriyar Yahuza na Galili, ya kwaso makamai daga sansanin Masada, ya shigo birni tamkar sarki, mutanensa suka kashe tsohon babban limami Hananiya, wanda shi ne mahaifin Ele'azar. Magoya bayan Ele'azar suka far wa Menahem a harabar Haikali, daga bisani suka kama shi suka kashe. Sauran mabiyansa, waɗanda ake kira Sikari saboda 'yan wuƙaƙen da suke ɓoyewa cikin riga, suka gudu Masada. Ba su sake ɗaga takobi domin kare Birnin Ƙudus ba har birnin ya faɗi.

Josephus ya ce a waɗannan kwanaki ɓuya ya yi a can cikin Haikali, bai fito ba sai da aka kashe Menahem.

Gwamnan Siriya, Cestius Gallus, ya taso da runduna ta 12 domin kwantar da boren. Ya iso har bakin ganuwar Haikali, sai kuma ya ja da baya. Yahudawa suka yi masa kwanton ɓauna a mashigar Bet Horon, suka kashe masa sojoji kusan 6,000, suka kwashe na'urorin harba duwatsu da kibau.

Wannan nasara ta toshe hanyar sulhu. Aka kafa gwamnatin wucin gadi ƙarƙashin tsohon babban limami Ananus, wanda Basadukiye ne, da Yusuf ɗan Goriyon, aka buga kuɗin azurfa na ƙasa, aka rarraba larduna ga kwamandoji. Akasarin waɗanda aka naɗa 'ya'yan manyan gida ne. Ele'azar ɗan Siman, wanda ganimar Bet Horon ke hannunsa, ba a ba shi kowane muƙami ba, lamarin da daga baya ya zame wa gwamnatin ƙarfen ƙafa.

Watanni shida a Galili

Josephus, wanda bai cika shekara 30 ba, kuma bai taɓa jagorantar soja ba, shi aka ba Galili, lardin da kowa ya san ta nan Rumawa za su shigo.

A littafinsa na yaƙin ya nuna kansa a matsayin janar mai cikakken iko. Ya ce ya kafa majalisar dattawa 70, ya gina ganuwa a garuruwa, ya tara matasa fiye da 100,000, ya kasa su bisa tsarin sojan Rum. A tarihin rayuwarsa kuwa, wanda ya rubuta bayan kimanin shekara 20, ya ce shi da wasu limamai biyu aka aika domin su lallashi masu zafin kai su ajiye makamai. Masana tarihi sun daɗe suna kokawa da wannan tufka da warwara, mai yiwuwa kuma ita kanta gwamnatin da ta aike shi ba ta yanke shawarar ko yaƙi take so ko ciniki da Rumawa ba.

Abin da ya tarar a Galili ya fi ƙarfin shirin da ya zo da shi. Saffuriya, ɗaya daga cikin manyan biranen lardin, tana tare da Rumawa. Mutanenta sun gyara ganuwarsu da sunan shirin yaƙi, daga baya suka buɗe wa sojojin Rum ƙofa. Tibariya ta kasu gida uku: attajirai na son a ci gaba da biyayya ga Sarki Agrippa da Rumawa, masu jiragen ruwa da talakawa na son yaƙi, sai ɓangaren Justus ɗan Pistus da ke da tasa manufa. Mutanen ƙauyuka kuwa sun tsani biranen biyu, ba abin da suke jira sai damar wawashe su.

Babbar ƙayar bayansa shi ne Yohana na garin Giskala, wanda ke da nasa mayaƙa da nasa kuɗi. A cewar Josephus, Yohana ya tara dukiyar ne ta hanyar sayen man zaitun da araha a Galili, yana sayar wa Yahudawan da ke zaune cikin wasu al'ummu da tsada ninkin ba ninkin, tunda ba sa amfani da man da wanda ba Bayahude ba ya tatsa. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa abokin gaba ne ke ba da wannan labari.

Yohana na da kusanci da Siman ɗan Gamaliyel, jigo a cikin Farisiyawan Birnin Ƙudus. Ta hannunsa ya sa aka aiko tawagar mutum huɗu da dakaru domin su tsige Josephus. Makonni suka shuɗe ana wasan ɓuya tsakanin kwamandan da tawagar, ana tare wasiƙu a hanya, ana tara jama'a a majami'u kowane ɓangare na zargin ɗaya da cin amana. A ƙarshe Josephus ya kama 'yan tawagar ya mayar da su inda suka fito.

Wata rana da Tibariya ta juya masa baya, alhali ya sallami sojojinsa saboda hutun Asabar, sai ya tattara jiragen ruwa 230 daga tafkin, kowanne da matuƙa huɗu kacal, ya tsayar da su nesa da gaɓa yadda za a zaci cike suke da mayaƙa. Mutanen gari suka tsorata suka miƙa wuya, ya kwashe 'yan majalisarsu ya tsare.

Dabara ce mai ban sha'awa, amma a kan 'yan uwansa ya yi ta. Shi da kansa ya ƙirga cewa sau huɗu ya ci Tibariya da yaƙi, Saffuriya kuma sau biyu. A tsawon watannin da ya kamata a yi horon soja da tanadin makamai, mafi yawan artabun da kwamandan Galili ya yi da garuruwan Galili ya yi shi.

A kudu ma al'amura ba su yi kyau ba. Harin da aka kai wa Askalan ya ƙare da asarar dubban mayaƙa a hannun 'yan tsirarun dakarun dokin Rumawa, kwamandoji biyu daga cikin ukun da suka jagoranci harin suka mutu a fagen fama.

Yotapata

A bazarar shekara ta 67 janar Vespasian, wanda Nero ya ɗora wa alhakin murƙushe boren, ya tara runduna uku da dakarun taimako a Akka, jimillarsu kimanin 60,000. Ya aika sojan ƙasa 6,000 da na doki 1,000 suka zauna a Saffuriya.

Da labarin tasowarsa ya isa sansanin Josephus, sojojin suka watse tun ba su yi ido biyu da abokan gaba ba. Ya rubuta wa Birnin Ƙudus wasiƙa yana neman ko dai a aiko masa da runduna, ko kuma a sanar da shi idan sulhu za a nema. Ba wata runduna da ta zo.

Ya shiga Yotapata, wani gari a kan dutse mai wuyar hawa, Rumawa suka yi masa ƙawanya da na'urorin harbi 160. A nan an ga abin da mutanen Galili za su iya idan suka haɗa kai. Sun ƙara tsawon ganuwa a bayan ɗanyun fatun shanu da suka kafa domin tare kibau. Sun saukar da buhunan ƙaiƙayi domin rage ƙarfin gungumen da ake dukan ganuwa da shi. Sun kwarara wa masu hawa tafasasshen mai, suka zuba dafaffiyar hulba a kan katakan da Rumawa ke takawa domin santsi ya kwashe su. Da ruwa ya yi ƙaranci sai suka jiƙa tufafi suka shanya a kan ganuwa domin a zaci suna da shi a wadace. Shi kansa Vespasian kibiya ta same shi a ƙafa.

Bayan kwana 47, wani da ya tsere daga garin ya shaida wa Rumawa cewa masu gadi kan yi barci gab da asuba. Garin ya faɗi a watan Yuli. Josephus ya ce an kashe mutum 40,000, an kama 1,200.

Shi kuwa ya faɗa wani rami da ke haɗe da kogo, inda ya tarar da mutum 40 a ɓoye. Da aka gano su, Rumawa suka yi masa alkawarin ba za a kashe shi ba, amma abokan ɓuyarsa suka zare takubba suka ce mutuwa ta fi kamu. Da ya kasa shawo kansu sai ya kawo shawarar a jefa ƙuri'a, kowa ya mutu a hannun na bayansa. Aka yi ta yi har saura shi da mutum ɗaya, suka fita suka miƙa kansu. Ya danganta wannan da sa'a ko kuma ƙaddarar Allah. Masu karatu da yawa tun daga wancan zamani sun fi zargin cewa ya iya lissafi ne.

Da aka kai shi gaban Vespasian sai ya yi masa albishir cewa zai zama Kaisar. Marubucin Rumawa Suetonius ma ya ambaci wannan magana. Saboda ita aka fasa aika shi wurin Nero, aka bar shi a ɗaure a sansani.

A Birnin Ƙudus an yi kwana 30 ana makokinsa bisa zaton ya mutu. Da gaskiya ta fito, makokin ya koma tsinuwa.

Yaƙin basasa a cikin ganuwa

Kafin ƙarshen shekara ta 67 Galili duka ta faɗi. Yohana na Giskala ya roƙi Titus, ɗan Vespasian, da ya jinkirta shiga garinsa saboda alfarmar Asabar, cikin dare kuma ya sulale da mayaƙansa zuwa Birnin Ƙudus. 'Yan gudun hijira da mayaƙan ƙauye suka cika birnin, suna zargin shugabanni da shirin miƙa shi ga Rumawa.

Ƙungiyar da ta kira kanta Masu Kishi ta mamaye Haikali, ta kama wasu manyan gari ta kashe. Sannan ta soke gadon manyan gidaje a kan kujerar babban limami, ta jefa ƙuri'a, ƙuri'ar ta faɗa kan wani mutumin ƙauye mai suna Fanni ɗan Sama'ila. Josephus ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanta addini, su kuwa sun ce tsohuwar al'ada suka farfaɗo da ita.

Ananus ya tara jama'ar gari suka kora Masu Kishi zuwa cikin harabar ciki ta Haikali. Amma ya ƙi kutsawa da mutanen da ba su yi tsarki ba, sai ya sa aka yi musu zobe. Wannan jinkiri ya ba su damar aika wa Idumiyawa da ke kudu cewa Ananus na shirin sayar da birni. Idumiyawa kimanin 20,000 suka taso, aka rufe musu ƙofa, amma cikin wani dare mai hadari da tsawa Masu Kishi suka yanke sandunan ƙofofi da zarto suka shigo da su.

An kashe Ananus an jefar da gawarsa ba jana'iza. An kuma kashe Nijar na Feriya, ɗaya daga cikin jaruman yaƙi da Cestius, kuma kwamanda ɗaya tilo da ya tsira daga Askalan. Josephus ya ɗauki ranar mutuwar Ananus a matsayin mafarin faɗuwar birnin.

Hafsoshin Vespasian sun matsa masa da ya kai hari nan take. Ya ƙi, bisa hujjar cewa hari zai haɗa kan mutanen birni, jinkiri kuwa zai bar su su gama da junansu. Sai ya shiga cin garuruwan kewaye ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai Yahudawa suka samu wata dama da ba su zata ba. Nero ya mutu a watan Yunin shekara ta 68, Rum ta faɗa nata yaƙin basasa, sarakuna uku suka hau suka sauka cikin ɗan lokaci, yaƙin Yahudiya ya tsaya cik. A watan Yulin shekara ta 69 rundunonin gabas suka naɗa Vespasian Kaisar. Ya tuna da albishir ɗin fursunansa, ya sa aka sare sarƙar Josephus da gatari, alamar cewa an wanke shi daga ƙasƙancin ɗauri.

Kusan shekara biyu ke nan Birnin Ƙudus ya samu na numfasawa. Ga yadda aka kashe su. Mutanen gari da suka gaji da Yohana sun gayyato Siman ɗan Giyora, wani jagoran mayaƙa da ya tara bayi da talakawa a karkara da alkawarin 'yanci. Ya shigo ya kame unguwar tudu. Ele'azar ɗan Siman ya ɓalle daga Yohana ya riƙe harabar ciki ta Haikali. Yohana ya kasance a tsakiya, ana jifarsa daga sama, yana jifar na ƙasa. Duwatsun da na'urorinsa ke harbawa kan faɗa har kan masu ibada a wurin yanka.

A cikin wannan faɗa ne ɓangarorin suka ƙona rumbunan hatsin da aka tanada, wanda Josephus ya ce da ya ishi birnin shekaru yana cikin ƙawanya. A nan ba shi kaɗai ne shaida ba. Marubucin Rumawa Tacitus ya ambaci shugabanni uku da rundunoni uku da ƙone hatsi mai yawa, littafin Talmud na malaman Yahudawa ma ya kawo labarin ƙona rumbunan.

Faɗuwar birni

Titus ya iso da runduna huɗu gab da Idin Ƙetarewa na shekara ta 70, lokacin da birnin ke cike da masu ziyarar ibada, Josephus na cikin tawagarsa. Ko a ranar idin, da Ele'azar ya buɗe ƙofofi domin masu ibada, Yohana ya tura mutanensa da makamai a ƙarƙashin riguna suka ƙwace harabar ciki.

Bisa ƙidayar Josephus, Siman na da mayaƙa 10,000 da Idumiyawa 5,000, Yohana na da 6,000, sai Masu Kishi 2,400 da suka koma ƙarƙashinsa. Sai da gungumen Rumawa ya fara dukan ganuwa sannan suka haɗa kai.

Da suka haɗa kan kuwa sun ba Rumawa wuya ƙwarai. Mutanen Yohana sun haƙa rami a ƙarƙashin tudun ƙasar da Rumawa suka tara domin hawa sansanin Antoniya, suka cinna wa katakan da ke tokare da ramin wuta, tudun ya rufta. Bayan kwana biyu mutanen Siman suka ƙona sauran. Na'urorin da aka ƙwace daga Cestius tun shekara ta 66 kuwa, sai a lokacin ƙawanyar suka ƙware da sarrafa su.

Ganin haka Titus ya kewaye birnin da katanga mai tsawon kimanin kilomita bakwai cikin kwana uku, ya bar yunwa ta yi aikinta. A nan ne asarar rumbunan ta bayyana.

Josephus ya riƙa zagaya ganuwa yana magana da mutanen ciki da harshensu, yana roƙonsu su miƙa wuya, alhali iyayensa na cikin birnin, mahaifinsa ma a tsare. Suna mayar masa da zagi da jifa. Wata rana dutse ya same shi a ka ya faɗi a sume, har aka yi ta murna a kan ganuwa cewa ya mutu. Su ma wasu hafsoshin Rumawa ba su yarda da shi ba, duk lokacin da aka yi musu ɓarna sai su ce shi ya ci amanarsu.

An ƙona Haikali a watan Agusta, unguwar tudu ta faɗi a watan Satumba. Josephus ya ce mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari suka mutu, aka kama 97,000, alƙaluman da masana na yanzu ke ganin akwai ƙari sosai a na mamatan. Titus ya ba shi damar ɗaukar abin da yake so daga birnin. Ya karɓi littattafai masu tsarki, ya ceci ɗan uwansa da abokai 50, da wasu kimanin 190 da ya gane a cikin kamammu. Ya kuma ga mutum uku da ya sani a kan gicciye, ya roƙa aka sauke su, ɗaya ne kawai ya rayu.

Shin a yarda da shi?

Josephus na da dalilin ɗora laifi a kan 'yan tawaye. Yana rubutu ne a ƙarƙashin inuwar gidan sarautar da ya rushe birninsa, yana kuma son wanke ajinsu na manyan limamai da nuna cewa tsiraru ne suka ja al'umma zuwa halaka. Ya ce Titus bai so a ƙona Haikali ba, amma wani marubuci Kirista na wajen shekara ta 400, Sulpicius Severus, ya ce Titus ne ya ba da umarnin. Masanin tarihi Martin Goodman, a littafin da ya wallafa a 1987, ya nuna cewa manyan gari sun tsunduma cikin boren fiye da yadda Josephus ya yarda ya faɗa, kuma gasar neman mulki a tsakaninsu na cikin abubuwan da suka rura wutar.

Haka kuma da wuya a ce haɗin kai kaɗai zai sa ƙaramar ƙasa kamar Yahudiya ta kayar da Rum. Ba ta da dakarun doki na a zo a gani, taimakon da aka sa rai daga Yahudawan gabashin kogin Furat kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da rarrabuwar ta salwantar shi ne damar tsawaita yaƙin ko neman sulhu mai sauƙi, a daidai lokacin da sabon Kaisar ke fama da matsalolin gida. Malaman Yahudawa na baya, waɗanda ba su ambaci Josephus ko sau ɗaya a Talmud ba, sun danganta rushewar Haikalin da ƙiyayya marar dalili a tsakanin jama'a.

Rayuwarsa a Rum

A shekara ta 71 ya bi Titus zuwa Rum, inda aka yi bikin nasara, aka kashe Siman ɗan Giyora, aka yanke wa Yohana ɗaurin rai da rai. Masada ta faɗi a shekara ta 73 ko 74.

Vespasian ya ba shi 'yancin zama ɗan ƙasa, da fansho, da masauki a tsohon gidansa, da filaye a Yahudiya. Daga sunan gidan sarautar ya samu sunan Flavius. Sau da dama wasu Yahudawa sun kai ƙararsa, har da zargin tallafa wa wani bore a Kirene da ke Libiya ta yau, amma sarakunan ba su juya masa baya ba.

Ya fara rubuta Yaƙin Yahudawa da harshen Aramiyanci, sannan ya fitar da shi da Girkanci cikin juzu'i bakwai kafin ƙarshen shekarun 70. A shekara ta 93 ko 94 ya kammala tarihin al'ummarsa tun daga farkon halitta cikin juzu'i 20, ya haɗa da tarihin rayuwarsa domin mayar da martani ga Justus na Tibariya, wanda ya zarge shi da hannu a tayar da bore a Galili. Littafinsa na ƙarshe kariya ce ga addinin Yahudanci daga sukar wani malamin Iskandariyya mai suna Apion.

Ya yi aure fiye da sau ɗaya, 'ya'yansa maza uku suka rayu. Ana kyautata zaton ya mutu a Rum wajen shekara ta 100.

Kiristoci ne suka adana littattafansa suna kwafarsu ƙarni bayan ƙarni, musamman saboda ya ambaci Annabi Yahaya da Annabi Isa (AS), ko da yake akasarin masana na ganin an yi wa sakin layin da ke magana kan Annabi Isa gyare-gyare daga baya. A wajen ƙarni na 10 ne labaransa suka koma hannun Yahudawa, ta hanyar wani littafin Ibrananci mai suna Yosippon, wanda aka tsamo daga fassarar ayyukansa ta Latin.